Hanyar Shiga Gona: Feshin Kwalta Da Tsakuwa

Jama'a, hanya mara kyau asara ce. Ƙwai ya fashe kafin ya kai kasuwa, motar abincin kaji ta kafe da damina. Idan shimfiɗa kwalta irin ta babban titi ta fi ƙarfin aljihunka, ga mai araha.

Za a zuba burji a daddaɓe shi sosai, a fesa narkakkiyar kwalta, a watsa tsakuwa tun da zafinta, sai rola ta bi ta danne. Yakan kai shekara 7 zuwa 10.

Da rani ake yi. In manyan motoci na shigo maka, a yi hawa biyu. Kar ka manta da magudanar ruwa, don ruwan da ya kwanta shi ke cinye hanya.