Yadda Amurka Ta Nemi Masauki a Ƙofar Sarkin Maroko

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ku sani, ya ku malamai da fatake, sabuwar ƙasa a cikin dauloli kamar baƙon falke ce a kasuwar wani gari. Ko da kayansa sun kai na kowa kyau, ba mai ba shi bashi, ba mai amincewa da awonsa, sai in ya sami fatoma wanda ya tsaya masa. Haka ya faru ga Amurka sa'ad da take jaririya.

A shekara ta 1776 jihohi 13 na Amurka suka yi shelar fita daga ƙarƙashin Sarkin Ingila. Kafin wannan, jiragen ruwansu suna kai alkama da gari da busasshen kifi Bahar Rum da tutar Ingila, kuma alkawarin da ke tsakanin Ingila da sarakunan Magrib ya rufe su. Ranar da suka ajiye tutar nan, ranar suka fita daga inuwar alkawarin. Jirginsu ya zama kamar ayari marar madugu, duk wanda ya gamu da shi a teku yana iya kamawa.

Saboda haka suka aika manzanni zuwa fadojin Turai. Sarakuna kuwa suka yi ta jan ƙafa, domin kowane sarki yana tsoron ya ɗaure wa masu tawaye gindi. Faransa, wadda ke da tsohuwar gaba da Ingila, sai da ta ga Amurkawa sun ci yaƙin Saratoga a 1777, sa'an nan ta sa hannu tare da Benjamin Faranklin da abokan aikinsa ran 6 ga Fabrairu 1778. Holan ta bi baya a 1782. Ingila kanta ba ta sallama ba sai a sulhun Faris na 1783.

Amma tun kafin Faransa ta sa hannu, wani sarkin Musulmi ya riga ya buɗe ƙofa, watau Sidi Muhammadu ɗan Abdullahi, wanda ya yi sarautar Maroko daga 1757 zuwa 1790. Sarki ne mai son ilmin hadisi, mai son ciniki, shi ne kuma ya gina tashar jiragen ruwa ta Suwaira. Nufinsa baitulmali ya dogara ga kuɗin fito na fatauci, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Ran 20 ga Disamba 1777 ya sanar da ƙananan jakadu da attajiran Turawa cewa jiragen waɗansu al'ummai da ba su da alkawari da shi suna iya shiga tashoshinsa lafiya, ya ambaci Amurkawa a cikinsu. Ga shi ya lissafa su al'umma mai zaman kanta alhali yaƙinsu bai ƙare ba.

To, a nan ne sabon shiga ya nuna rashin sanin ladabin fada. Sarki ya sa wani attajiri Bafaranshe mazaunin Sale, mai suna Kayil, ya rubuta musu cewa yana son a ƙulla alkawari. Majalisarsu ta amsa da daɗin baki a ƙarshen 1780, amma ba ta aiko kowa ba. Yaƙi ya ɗauke mata hankali, aljihunta kuma babu kome. Shekara ta bi shekara, sallama ba amsa.

Da haƙurin Sarki ya ƙare, a watan Oktoba 1784 jirginsa ya kama wani jirgin fataken Amurka mai suna Betsi, aka kai shi Tanja. Sarki bai sayar da mutanen ba, bai mai da su bayi ba. Ya ce riƙo ne, har a aiko wanda za a yi magana da shi. A 1785 ya sake su bisa roƙon Sifen. Bambancin riƙo da ganima ya bayyana a wannan shekara ɗin, domin a watan Yuli jiragen Aljazair suka kama jiragen Amurka biyu da mutum 21, waɗanda suka rayu a cikinsu sai da suka yi shekara goma da ɗoriya a tsare.

Jiki magayi. A watan Yuni 1786, daidai da shekara ta 1200 ta Hijira, manzon Amurka Tomas Bakli ya isa Marrakush da tsarabarsa. Cikin 'yan kwanaki aka gama magana, Sarki ya buga hatiminsa a kan takarda mai sharuɗɗa 25, wa'adinta shekara 50, ba kuwa da sharaɗin biyan gaisuwar shekara-shekara ba. Jon Adams da Tomas Jafasin suka sa hannu, majalisa ta tabbatar a watan Yuli 1787.

Ya kamata fatake su dubi abin da aka rubuta a ciki. Ba a tilasta wa attajiri saye ko sayar da abin da bai ga dama ba. Jirgin da ya fashe a gaɓa yana cikin aminci, shi da kayansa. In yaƙi ya tashi tsakanin ƙasashen biyu, a ba mutanen kowane ɓangare wata tara su tattara dukiyarsu su fita. Kamammun yaƙi kuma musaya za a yi da su, ba bautarwa ba. Malamai za su gane a nan ƙamshin babin amana da sulhu na littattafan fiƙihu, inda baƙon da ya shigo da aminci jininsa da dukiyarsa suke haramun.

A ƙarshen 1789 Shugaba Joj Washinton ya rubuta wa Sarki takardar godiya, har ya ba da hanzarin jinkirin da aka yi. A 1821 Sarki Maulaya Sulaimanu ya ba Amurka gida a Tanja, aka kuma sabunta alkawarin a 1836.

Abin lura a nan shi ne, tuta da shela aikin yini guda ne, amma karɓuwa a wurin dauloli sai da amsa sallama a kan kari, da aika manzo, da cika abin da aka rubuta. Wadda ta zama giwa daga baya, da ƙoƙon bara ta fara zaga fadoji. Allah shi ne mai jujjuya kwanaki tsakanin mutane. Ya ba shugabanni ikon riƙon alkawari, amin. Wassalamu.