Yadda Ake Gwada Sakatar Wuƙa Mai Naɗewa

Wuƙa mai naɗewa, wadda waɗansu ke kira wuƙar aljihu, ta zama abin aiki na kullum a gundumomi. Magatakarda na fiƙe fensir da alƙalamin kara da ita, malamin gona na yanka reshen mangwaro don aure, makiyayi na yanke igiya. Amma tana da haɗari guda wanda wuƙar kube ba ta da shi, watau ruwanta yana iya komowa ya rufe a kan yatsun mai riƙe da ita. In ya datse jijiyar da ke motsa yatsa, to, sai an yi ɗinki a asibiti, wani lokaci kuwa yatsan ba ya komawa daidai har abada. Abin da ke tsare wannan shi ne sakatar da ke riƙe ruwan wuƙa in an buɗe. Saboda haka ya wajaba hakimai da magatakarda su san yadda ake gwada ta, su kuma koya wa ma'aikatansu.

Irin sakatar da ake samu

Da fari sai a gane irin wuƙar da ke hannu. Akwai wadda ba ta da sakata ko kaɗan, sai wani ƙarfe mai tauri a bayan ƙota da ke danne ruwan, kamar Douk-Douk da aka fara ƙerawa a garin Thiers na Faransa a 1929. Irin wannan ko sabuwa ce za ta naɗe in an danna bayanta da ƙarfi, ba kuwa lalacewa ta yi ba, ƙirarta ke nan.

Akwai mai sakata a baya, inda wani haƙori ke faɗawa cikin gurbi a gindin ruwan. Okapi, wadda aka fara yi a Solingen ta Jamus a 1902, ta wannan dangi ce, sai an ja zoben bayanta take sakewa. Akwai mai zobe a wuya kamar Opinel ta Faransa, wadda aka ƙara wa zoben a 1955, ana murɗa shi ya tare hanyar ruwan. Sa'an nan akwai wadda wani siririn ƙarfe na cikin ƙota ke zamewa ya tokare gindin ruwan.

Hanyar gwaji

Na ɗaya, a tsabtace. Ƙurar hunturu, da zaren aljihu, da tsatsa sukan cika gurbi su hana haƙori shiga sosai. A sa tsinke a ƙwaƙule, a goge da ɗan kananzir, a ɗiga man keken ɗinki ɗigo guda a wurin ƙusar da ruwan ke juyawa. Wuƙar da ake yanka abinci da ita kuwa, sai a wanke ta da sabulu, a busar, a sa man gyaɗa kaɗan.

Na biyu, a buɗe a hankali har ƙarshe, a kasa kunne. Sakatar baya da ta ciki in suna da lafiya sukan yi ƙara, ƙas, su zauna. A duba da ido. Haƙorin baya ya koma daidai da bayan ƙota, kada ya tsaya a ɗage. Ƙarfen ciki ya hau gindin ruwan da dukan kaurinsa. In gefensa kaɗai ya kama, zai zame. In kuwa ya ƙetare har ɗaya ɓangaren, ya cinye ke nan.

Na uku, a kama bayan ruwan da tsumma a girgiza. In yana motsi dama da hagu, galibi ƙusa ce ta yi sako-sako, maƙeri na iya matse ta. In kuwa yana motsi sama da ƙasa alhali sakata na kulle, wannan shi ne babban aibi.

Na huɗu, a riƙe ƙota ta gefe biyu da kan yatsu, kada yatsa ko guda ya gitta ramin da ruwan ke shiga. Sa'an nan a ɗora bayan ruwan a kan katako a danna sannu sannu, ana ƙara ƙarfi. In ta naɗe ko sau ɗaya, ta faɗi gwaji. Kada a riƙa maka bayanta a kan dutse ko ƙarfe, gama wannan yana lalata sakata mai lafiya.

Na biyar, a saki sakata a rufe. Tsinin ya ɓuya cikin ƙota sarai, kada ya leƙo ya soki hannu a aljihu.

Lokacin gwaji da hukunci

A yi gwajin nan a gaban ɗan kasuwa kafin a biya kuɗi, a sake yi in wuƙa ta faɗi ƙasa, da kuma sa'ad da yanayi ya juya. Dalili kuwa, ƙotar itace takan kumbura da damina har ruwan ya ƙi fita, da rani kuma ta bushe ya yi sako-sako.

Wuƙar da ta faɗi gwaji bayan an tsabtace ta, a kai wa maƙeri. In bai iya gyarawa ba, a daina aiki da ita, kada kuma a ba yaro. Magatakarda ya rubuta ranar da aka duba wuƙaƙen ofis a littafin kaya.

Ko sakata na da lafiya, wuƙa mai naɗewa ta yanka ce kawai. Ba a ɓamɓare murfin gwangwani da ita, ba a huda fata mai tauri, ba a yanka ana jawowa wajen jiki. Wanda ya yanke, ya wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, ya ɗaure da ƙyalle mai tsabta. In ciwon ya yi zurfi, ko yatsa ya ƙi lanƙwasuwa, ya tafi asibiti a ranar, a kuma duba ko yana bukatar allurar rigakafin cutar nan mai sandarar da jiki ta ƙulle muƙamuƙi.

Ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan bayani ga dagatai da masu unguwa. Rigakafi ya fi magani.