Jijiya ta tsinke, gammon gwiwa ke shan wahala

A filin ƙwallon unguwa ne abin ya fi faruwa. Matashi ya kafa ƙafa a ƙasa, ya juya da gudu, sai ya ji ƙas a gwiwarsa, ya zube. Kafin magariba gwiwar ta kumbura suntum. A kai shi wajen maɗori, a ce targaɗe ne, a murza, a ɗaure. Bayan 'yan makonni kumburi ya saɓe, ya fara takawa, kowa ya ce masa barka da arziki. Sau da yawa daga nan ne ainihin ɓarnar take somawa.

Manyan jijiyoyi huɗu ke riƙe da gwiwa: biyu a gefe da gefe, biyu a ciki sun gitta juna. Ta gaba daga cikin masu gittawar, wadda likitoci ke kira ACL, ita ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba. Tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri kuma akwai guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata, ɗaya ta ciki, ɗaya ta waje. Sunansa meniskas, amma ni na fi ganinsa a matsayin gammo, domin aikinsa ke nan: raba nauyi don kada ƙashi ya ci ƙashi.

Ranar da ACL ta tsinke, gammon waje ne ya fi yagewa, saboda ƙasusuwan suna gocewa su matse shi. Tun 1950 wani likitan Amurka, O'Donoghue, ya bayyana raunuka uku da ke zuwa tare: ACL, jijiyar gefen ciki, da gammon ciki. Daga baya aka gane cewa a sabon rauni na wajen ne ya fi shiga ciki.

Na cikin kuwa sannu a hankali yake cin tasa wuyar. Yana manne da jijiyar gefe, ba shi da sararin kaucewa kamar ɗan'uwansa. Da zarar babu ACL, sai bayansa ya zama birki, aikin da ba nasa ba. Duk lokacin da gwiwa ta turguɗe, wajen sauka daga babur ko tsallake kwata, shi ake dannewa. Yau da gobe sai ya tsage. Wani lokaci tsagin yakan naɗe ya maƙale a tsakiyar gaɓa, gwiwa ta ƙi miƙewa. Wani kuma sai a zaman tahiya ko a tsugune yake jin kamar an soka masa allura.

Matsalar gammon nan ita ce jini. Gefensa na waje kaɗai, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, ke samun jini. Tsagin da ya faɗa nan yana iya haɗewa idan an ɗinke. Wanda ya faɗa can ciki da wuya ya warke, sai dai a datse. A da ma cire gammon ake yi ɗungurungum, har wani likita mai suna Fairbank ya nuna a 1948 yadda gwiwar da aka cire wa shi take lalacewa, abin da kan kai mutum ga amosanin gaɓa tun bai tsufa ba.

Ba kowace ACL ce sai an yi mata tiyata ba. Wasu gashin ƙashi da ƙarfafa naman cinya sun ishe su. Amma mai son komawa fili ya sani cewa Virgil van Dijk na Liverpool, da duk gatan da yake da shi, ya yi wajen wata tara yana jinya bayan rauninsa na Oktoban 2020.

Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya ko guringuntsi, don haka "hoto bai nuna komai ba" ba shaidar lafiya ba ce. Likitan ƙashi, irin waɗanda ake samu a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, yakan ɗan lanƙwasa gwiwar, ya riƙe cinya da hannu ɗaya, ya jawo ƙwauri gaba da ɗayan. In ya ji ya taho babu abin da ya tare shi, sai ya tura mutum hoton MRI don a ga halin da gammon yake ciki.