Mai Haɗa Wifi a Yamai

A Yamai, duk ranar da intanet ta ƙi tafiya a gida, kamfani ake fara ɗora wa laifi. A ce rezo babu, ko koneksiyon ya yi nauyi. Wani lokacin da gaskiyar mutane, domin Nijar ba ta da teku, kuma zaren da ke kawo mana intanet sai ya ratso ƙasashen maƙwabta irin su Benin, in ya tsinke a can mu ma sai mun ji a jikinmu. Amma sau da yawa intanet ɗin ta iso bakin ƙofa lafiya lau, a cikin gida ne ta ɓace. Wannan ƴar tazarar, daga inda waya ta shigo zuwa salular Hajiya a ɗakin ƙurya, nan ne aikin mai haɗa wifi yake.

Ba shi da shago a mafi yawan lokuta. Babur ne da jaka a baya, a ciki akwai kwamfuta, da fensar matse kan waya, da na'urar gwaji, da naɗin waya, da injin huda bango. Tsani kuwa a maƙwabta ake ara. Tsofaffin hannu sun faro tun zamanin sibar-kafe da layin ADSL na Sonitel, kafin a haɗe shi da SahelCom a 2016 ya zama Niger Telecom. Matasan yanzu wasu a makaranta suka koya, da yawa kuma bin maigida suka yi suna riƙe masa tsani, suna ƙarawa da bidiyon YouTube da dare.

Wanda ya san aikinsa ba ya fara taɓa akwatin wifi. Gidan yake fara zagayawa da salula a hannu, yana duban inda sigina ke ƙarfi da inda take mutuwa. Ginin Yamai na bulon siminti ne, ga dal a sama, ga ƙofofin ƙarfe, kuma duk waɗannan shanye sigina suke yi. Sai ka tarar an cusa akwatin bayan talabijin, ko cikin kabad don kada yara su taɓa, ko a ɗakin maigida da ke can gefe a kulle. Nan mai sana'a zai ce, "Alhaji, a yi haƙuri a fito da shi tsakiyar gida, a ɗaga shi sama." Sau tari wannan kaɗai ya warkar da ciwon da aka yi watanni ana kuka da shi.

Akwatunan yanzu, na TP-Link ne ko Huawei ko Tenda, galibi zango biyu suke watsawa. Na 2.4 GHz yana tafiya nesa, yana ratsa bango, amma cunkoso ya yi masa yawa. Na 5 GHz ya fi sauri, sai dai bango biyu kan iya karya shi. A gidajen haya na Boukoki ko Talladjé, inda kowace ƙofa ke da nata akwatin, sai ka ga duk sun hau tasha ɗaya suna danne juna, kamar masu talla a kasuwar Katako kowa na ɗaga murya ba a jin kowa. Gwani zai duba tashar da maƙwabta suka cika a zangon 2.4 GHz, ya koma 1 ko 6 ko 11, domin su ne ba sa hawa kan juna.

In gida ya yi girma, ko mai bene ne irin na Koira Kano, dole a ja waya a ƙara akwati na biyu. A nan ake gane hannu. Zai feɗe bakin wayar, silli takwas su bayyana a murɗe biyu-biyu. Ya warware su, ya miƙe su tsakanin babban yatsa da manuni, ya jera: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa. Ya datse bakinsu daidai, ya tura cikin ɗan kan roba har kowane sili ya taɓo ƙarshe, sannan ya matse da fensa. Sai na'urar gwaji: fitilu takwas su kama ɗaya bayan ɗaya. In guda ta tsallake, yanke kan zai yi ya sake, ba gardama. Ya kuma san waya ba ta wuce mita 100 ba tare da an sa wata na'ura a tsakani ba. Akwai wata waya mai araha a kasuwa wadda alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe. Kankare ta da wuƙa, sai fari ya fito. Mai tsoron Allah zai nuna wa maigida bambancin kafin a saya.

Sauran yaƙin da wuta ne da zafi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke lantarkin da take ba kamfanin wuta na Nigelec, birnin ya sha duhu na watanni, kuma a lokacin ne mutane da yawa suka gane akwatin wifi bai cin wuta sosai, yawancinsu volt 12 ne. Ƙaramin batir, ko faranti ɗaya na hasken rana, ya isa ya riƙe shi in kuran ya ɗauke. A Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, akwatin da aka rufe a kabad ko aka ajiye ƙarƙashin kwano sai ya riƙa mutuwa yana tashi. Ƙurar hunturu ta toshe ƙofofin iskarsa, tsawar damina kuma ta biyo wayar da aka shimfiɗa a kan rufi ta ƙone shi.

Shigowar Starlink a 2025 ta buɗe wa sana'ar sabuwar kasuwa. Ana hawa rufi ana neman inda sama take a buɗe, ba itace ba tankin ruwa. A unguwanni kuma ga masu wifi zon, waɗanda ke sayar wa maƙwabta tikiti na awa ko na yini da na'urar MikroTik, ƙirar ƙasar Latbiya. Saita wannan na'ura ba wasa ba ne, kuma wanda ya iya ta ba ya rasa aiki.

Abin da ya fi damuna a sana'ar nan shi ne amana. Mutumin nan yana shiga ɗakunan da baƙo ba ya shiga, kuma yana fita da mabuɗin da ba a gani. Kowane akwati kod biyu gare shi: wanda ake ba baƙo in ya ce a ba shi wifi, da wanda ake shiga cikin akwatin da shi ta adireshi irin 192.168.1.1. Na biyun ne mai hatsari, domin mai riƙe da shi zai iya ganin na'urorin da ke kan layin, ya sauya saiti, ya kori wanda ya ga dama, kuma a gidan da aka haɗa kyamarori lamarin ya fi haka nauyi. Wasu sukan bar shi yadda ya fito daga masana'anta. Wasu su sauya su ɓoye, don dole a sake kiransu. Na ƙwarai yakan sa tsaron WPA2 ko wanda ya fi shi, ya rubuta kod ɗin biyu a takarda, ya damƙa wa mai gida, ya nuna masa yadda zai sauya da kansa.

Irin wannan ya cancanci a biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba, domin iliminsa ake saya ba huda bango kaɗai ba. Kai kuma maigida, kafin ya hau babur ɗinsa, ka karɓi kod ɗinka guda biyu a rubuce.