Ba Kai Ba Ne Ka Lalace, Ma'aunin Ne Ya Fi Ƙarfinka

Duk mai zuwa filin golf a Kaduna ko Kano ko Jos ya san irin fuskar da nake nufi: babban ma'aikaci ya biya kuɗin ƙungiya, ya bar iyali a ranar hutu, amma ya dawo daga rami na 18 kamar wanda aka yi wa rasuwa. Wasu ma daga nan suke jingine sandunan, hawan jinin da likita ya ce a rage da tattaki ya ci gaba da abinsa. A ganina, rabin wannan baƙin ciki daga kalmomi yake fitowa.

Ɗauki kalmar "par". Asalinta Latin ne, ma'anarta daidai, sai mai wasa ya ɗauka ita ce abin da ake tsammani daga kowa. Alhali adadin bugun da gwani zai yi ne kafin ƙwallo ya shiga rami. A Ingila ta shekarun 1890, ma'aunin da aka sani shi ne "bogi", wato abin da mai wasa nagari zai iya. Da ma'aunin gwanaye ya kafu, sai bogi ya koma nufin bugu ɗaya sama da par. Kalmar yabo ta zama ta gazawa, ba tare da hannun kowa ya canza ba.

Handikaf ma haka yake yaudara. A tsarin bai-ɗaya da aka fara a 2020, ana duba wasanninka 20 na baya-bayan nan, a zaɓi 8 mafiya kyau, a fitar da matsakaicinsu. Sauran 12 ba a ko kallonsu. Ke nan lambar da kake alfahari da ita hoton ranakun sa'arka ce, kuma a mafi yawan fitowarka dole ka gaza ta. Lissafi ne ya hukunta haka, ba sammu ba.

Su kansu gwanayen ba su tsira ba. A gasar Open ta 1999 a Carnoustie ta Sikotilan, Bafaranshe Jean van de Velde ya iso ramin ƙarshe yana gaba da bugu 3. Ko da 6 ya yi, kofi nasa ne. Ƙwallo ya faɗa rafi, ya cire takalmi da safa ya shiga ruwa duniya tana kallo, ya ƙare da 7. A wasan raba gardama Paul Lawrie ya ɗauke kofin. Abin da ya fi burge ni shi ne bugunsa na bakwai: bayan duk wannan abin kunya, ya natsu ya jefa ƙwallon da ya kai shi raba gardamar. Bai daina wasa ba, har ya ci gasar Madeira a 2006.

Rory McIlroy kuwa ya shiga ranar ƙarshe ta Masters a 2011 da ratar bugu 4, ya buga 80. Bayan wata biyu ya lashe US Open da ratar 8. Ita Masters ɗin sai a 2025 ta shigo hannunsa, bayan shekara 14.