OkadaBooks: Kasuwar Littafi a Cikin Waya

A shekarar 2013 Okechukwu Ofili ya kafa OkadaBooks, manhajar da marubuci ke ɗora littafinsa da kansa, ya yanka masa farashi, kamfani ya cire kasonsa a kowane ciniki. Ba kuɗin takarda, ba jiran maɗaba'a.

Marubutan Hausa, musamman mata masu littattafan soyayya, suka karɓe ta hannu bibbiyu. Mai karatu a Zuru, da a da sai dillali ya kawo masa littafi daga Kano, ya koma biya ta waya yana karantawa nan take.

A ƙarshen Nuwamban 2023 kamfanin ya rufe saboda matsin tattalin arziki. Yau cinikin littattafan Hausa ya fi tafiya a manhajar ArewaBooks da zaurukan WhatsApp, inda ake biya kafin a ga ci gaban labari.