Daga Kasuwar Ikoku Zuwa Allon Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa raka bakanike kasuwar Ikoku da ke Mile 2 Diobu a Fatakwal ya san yadda ake neman kayan gyaran mota. Wani zai ɗora tsohon ƙarfen a kan sabon, ya bi su da ido daga kai har gindi. Wani bakin da zai shiga kaɗai yake dubawa. Wani kuwa lambar da ke jiki yake fara leƙawa, in ta yi daidai sannan ya tsaya ciniki. Abin da ya faɗo mini a rai ke nan ranar da na tarar da ɗan maƙwabcina, ɗalibin jami'a, ya tasa kwamfuta a gaba yana fama da aikin da malaminsu ya ba su: a gwada hanyoyi uku na jera haruffan DNA, a faɗi inda kowace ta fi.

Da haruffa huɗu aka rubuta gadon kowace halitta: A, C, G da T. Na ɗan Adam sun kai kusan biliyan 3, kuma harafi guda na iya sauya rayuwar mutum. Cutar sikila da ke wahalar da gidajenmu daga nan take: inda ya kamata a ga GAG, sai aka sami GTG. Gano irin wannan bambanci sai an jera layi biyu kafaɗa da kafaɗa.

Hanyar da Needleman da Wunsch suka fitar a 1970 ita ce bakaniken farko, tana gwada layukan daga farko har ƙarshe. Ta Smith da Waterman, ta 1981, yankin da ya fi kama take nema, ta bar saura. Dukansu tebur suke cikawa gida-gida, ba sa tsallake ko ɗaya, don haka amsarsu ita ce mafi dacewa bisa makin da aka tsara wa harafin da ya dace, wanda bai dace ba, da giɓin da aka bari a layi. Sai dai akwai nauyi. Ƙwayar korona tana da haruffa kusan 30,000. Jera guda biyu na nufin gida miliyan 900. BLAST, wadda aka fitar a Amurka a 1990, lamba take leƙawa: ta nemo guntun haruffa da suka yi daidai, kamar 11, ta faɗaɗa daga nan. Tana da sauri ƙwarai, amma dangi na nesa yakan kuɓuce mata.

Mu mutanen Fatakwal mun san amfanin wannan ilimi. A watan Agusta na 2014 Ebola ta shigo garin nan daga Legas, har ta kashe likita. Cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, tana cikin waɗanda suka tabbatar da cutar a gwaji, kuma ita ce ta fara karanta haruffan korona a Afirka a Maris 2020.

Ɗan maƙwabcin nawa kuwa ya ce mini, "Baba, ai BLAST ta riga ta ba ni amsa." Na ce, "To, in malam ya ƙara makin giɓi, amsar za ta zauna yadda take?" Ya yi shiru. Sai muka yage takarda, ya rubuta haruffa bakwai a sama, bakwai a gefe, ya cika gidajen da biro. Kafin la'asar ya sauya makin da kansa, ya ga layukan sun sake zama.

A ganina wannan takardar ta fi duk abin da ya kwafo daga intanet daraja, domin a nan ya ga inda na'ura ke yanke hukunci a madadinsa. Roƙona ga malamanmu shi ne kada su karɓi sakamakon BLAST daga ɗalibi sai ya haɗo da tebur ɗaya da ya cika da hannunsa.